Tsutsar Tsamiyar Yaya Mani

Da kakar bana Yaya Mani ya cika shekara bakwai da barin duniya. Ban riƙe ranar ba. Na san an yanke gero, dawa ba ta nuna ba. Ba mu ga gawarsa ba, ba mu san inda aka sa shi ba, ko ma an sa shi ɗin. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sunana Bawa. Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, don haka ba zan ja magana ba.

Mutanen garinmu, can bayan Tsafe, sun san shi manomi kamar kowa. Sun kuma san shi da Mani mai tsutsa. Da ba'a aka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya karɓa, yana amsawa ko a masallaci. Wannan tsutsar ita ce gadon da ya bari. Tana gab da ƙarewa a hannuna, abin da ya sa na nemi a rubuta wannan ke nan.

Yaran yanzu in ka ce musu zaren tsamiya, sai su zaci daga jikin icen ake cire shi. Tsutsa ce ke yin sa. Mai gashi ce, ganyen tsamiya take ci. Da damina take ƙyanƙyashewa, ta yi ta ci har ta kai tsawon ɗan yatsa. Da kaka sai su taru a reshe ɗaya su saƙa gida guda, ruwan ƙasa, kamar jakar fata, su shige ciki su kwanta har rani ya wuce. In ruwa ya sauka sai su fito da fiffike, irin faɗa-wuta, su yi ƙwai a bayan ganye, su mutu. Gidan nan nasu shi ake dafawa da ruwan toka, mata su kaɗa, a yi wa babbar riga aiki da zaren. Rigar takan mutu, aikin yana nan.

Muna yara, da wuya ka wuce tsamiya uku a dajinmu ba ka ga gida yana reto ba. Daga baya masu saye suka fara zuwa daga Gusau. Sai mutane suka daina jira. Kowa na tsoron wani ya riga shi, ana tsinke gidan da masu shi a ciki, a jefa a tukunya. Bana ya ragu, baɗi ya ƙara raguwa. Ba wanda ya damu. Mani ya damu.

Ga yadda yake yi. Da kaka yakan riga kowa, ya yanko gidajen da reshensu, ya rataye a wata 'yar rumfar zana da ya kafa bayan rumbunsa, ya lulluɓe ta da tsohon gidan sauro. In hadari ya fara haɗuwa, sai ya dasa ɗanyen reshen tsamiya a cikin tulu mai ruwa, ya aje a rumfar. Su fito, su yi ƙwai a kan ganyen, su ƙyanƙyashe. Kullum safiya ya sauya musu ganye. In suka kai tsawon gaɓar yatsa, tsuntsu ya rage sha'awarsu saboda gashin, sai ya ɗauke su da reshen ya kai daji, ya ɗaure a jikin tsamiya, su hau. Yakan zagaye gindin icen da toka don cinnaka. Ya bi makiyayan da ke sauka kusa da mu, ya roƙe su kada su sassabe wa dabbobi waɗannan itatuwan, suka kuwa ji maganarsa. Da maganin feshi ya shigo garinmu, ya bar kunya goma na gonarsa ta gefen itatuwan ba feshi, ƙwari suna cin wakensa yana kallo.

Matarsa Hajo ita ce mai kaɗi. Bai taɓa ba ta gida mai rai ba, sai wanda masu shi suka fita. Irin wannan ya fi wahalar kaɗi, duk ɓawo ne a ciki. Na sha jin su.

"Matan gari na kaɗa mai laushi, ni an bar ni da kango," in ji ta.

"Ke dai kaɗa. Masu gidan suna miki godiya."

"Godiyar tsutsa? Sa ta cikin miya mu ɗanɗana."

Sai ya yi dariya ya fita. Ba mutum ne mai gardama ba. Abin da ya sa kansa dai sai ya yi.

Ranar da aka ɗauke mu muna gona muna ɗaurin dami, hantsi ya yi. 'Yan bindiga ne a kan babura suka kewaye mu. Aka kora mu daji a ƙasa. Ƙafar Mani dama tana da ciwo, kwana na uku ta kumbura, ya zauna ya ce ba ya iya tashi. Aka tasa mu gaba. Na ji ƙarar bindiga sau ɗaya a bayana. Ban waiwaya ba. Na daɗe a hannunsu kafin Allah ya ba ni hanya. Na baro yatsu biyu na ƙafar hagu a can. Ba zan faɗi yadda aka yi ba.

Ko da na fito, garinmu ya watse. Na sami Hajo a Bungudu, gidan wanta. Ta baro tukwane, ta baro tabarmi, ta baro dutsen niƙan uwarta. Abin da ta ƙullo a zani ta goyo kamar jariri, gidajen tsutsa ne guda biyar.

Na ce, "Hajo, ki bar tukunya ki ɗauko wanga?"

Ta ce, "Tukunya akwai ta kasuwa."

Ni kuma na zauna Gusau, ina dakon buhunan hatsi a kasuwa, na kama ɗaki a bayan gari. Nan na kafa gidan sauro a tsakar gida, na rataye gidajen da Hajo ta ba ni, na yi yadda na ga Mani yana yi. Ban iya kamar shi ba. Shekarar farko na bar gefen ragar a buɗe, rabin masu fiffiken suka bi ƙwan lantarkin maƙwabci, da safe na share gawarsu. Wata shekara mai ɗakin kusa da ni ya watsa fiya-fiya don sauro, iska ta kawo. Ganye kuma daga wata tsohuwar tsamiya nake samu, a wani fili da ba a gine ba. Ban yarda na kai su kan ice ba, a cikin ragar suke girma, a ciki suke saƙa. Gidajen suka riƙa fitowa ƙanana, kamar dunƙulen hannu. Biyar suka koma huɗu, huɗu suka koma uku.

Wani lokaci ina ɗauke da buhu sai in tambayi kaina, da Mani zai dawo yau, me zai ce? Ya bi titin Gusau zuwa Funtua ya ga buhunan gawayi jere a bakin hanya, ya san kowane buhu ice ne da ya girmi kakanmu. Ya ga kowane manomi da tankin feshi a baya, har wanda gonarsa ba ta fi tabarma biyu ba. Ya shiga layin maɗinka ya ga inji yana zana wuyan riga da zaren roba kafin mutum ya gama shan fura. Ina jin ba zai ce komai ba. Zai tambayi inda tsamiya take, ya nufi can. Abin da nake tsoro shi ne ya leƙa ragata ya ga abin da na mai da dukiyarsa.

Bara na yi kuskuren da ya fi kowanne. Zan faɗe shi yadda yake.

Mu da muka gudo akwai abin da muka koya. Ba a tara iyali wuri guda. Ba a aza 'ya'ya biyu kan babur ɗaya in za su shiga ƙauye. Ba a tura maza uku gona ɗaya. 'Ya'yana ma haka na yi da su, ɗaya yana wurina, biyu suna Bungudu, ɗaya yana Funtua wurin surukina. In masifa ta sauka a nan, na can ya tsira. Kowa a cikinmu haka yake yi, ba wanda ya koya wa wani.

Bara gidajen uku suka ba da ƙwai tsibi uku, suka ƙyanƙyashe da kyau. Hajo ta zo ta ɗauki tsibi ɗaya ta tafi da shi Bungudu. A kwanakin ana ta jin an shiga unguwannin bakin gari. Na dubi ragar nan na ce, in aka shigo aka sa wa gidan nan wuta fa? Sai na samo ƙoƙuna, na raba tsutsar tafi-tafi. Na bi tsamiyoyin da na sani a kewayen Gusau, har hanyar Ruwan Bore, ina aza kaɗan a nan, kaɗan a can. Na dawo ina jin na yi dabara.

Bayan kwana biyu na koma zagaye. Ba su ci ganye ba. Sun sauko jikin ice suna yawo, wannan ta nufi nan, waccan ta nufi can, suna ɗaga kai. Neman 'yan uwansu suke. Ashe ba sa ci sai suna jere, kan wannan a wutsiyar waccan, ba sa kwanciya sai jiki na gugar jiki. Tsuntsaye suka tsince su ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka kai kaka sun gwada saƙa. Abin da suka iya bai fi yanar gizo kauri ba, rana ta busar da su a ciki. Shekara nawa ina kallon Mani yana ɗaukar su dunƙule guda, ban taɓa tambayar dalili ba.

Kafin in gane haka, na je Bungudu don in raba na wurin Hajo. Na same ta a bakin ragarta tana tsinke busasshen ganye.

"Ba ni su in raba."

"Ba ka taɓa su."

"Hajo, in abu ya same su wuri guda, shi ke nan an gama."

"Bawa, ka taɓa ganin yayanka ya raba su? Waɗanga ba ɗiyanka ba ne. Ɗiyanka sun san hanyar tasha."

Na yi fushi na tafi ban yi sallama ba. Nata su kaɗai suka yi gida. Guda ɗaya. Da na koma da kaka na gaya mata abin da ya sami nawa, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta miƙo mini ruwa, ta ce in sha.

Bana ke nan muka shiga damina da gida ɗaya tak. A wurinta suka fito, suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe. Sai ganye ya zama matsala. Filin nan na Gusau an sayar, mai shi ya sare tsamiyar, yanzu bulo ne a wurin. A Bungudu akwai guda biyu a gonar wan Hajo, amma gonakin wake ne suka kewaye su, kuma kowa na feshi. Wata safiya ta ba su ganye, kafin azahar ta kwashe cikin tafi na matattu, sun nannaɗe sun yi baƙi. Ta aiko aka kira ni.

"Wanke ganyen nike, maganin bai hita," in ji ta. "Kwana bakwai in sun ƙara nan, babu sauran."

Na ce to ina za mu kai su.

"Gida."

Na dube ta.

"Ba mai noma can, ba mai heshi. Itatuwan yayanka na nan tsaye. Da ina da ƙahwa da ni zan tahi."

Gaskiya ta faɗa. Wurin da mutum ba ya iya zama, shi ne kaɗai ya rage inda tsutsar za ta iya rayuwa. Shekara bakwai ban taka hanyar ba. Ko sunan garin ba na son a ambata. Na ce mata zan yi tunani. Ta ce tsutsa ba ta jiran tunani.

Washegari na sa su a kwando da reshensu, na rufe da tsohon zani, na ƙulla toka a leda. Na hau mota zuwa Gusau, na sake wata zuwa Tsafe, kwandon a cinyata. A Tsafe 'yan kabu-kabu uku suka ƙi ni da na faɗi inda za ni. Na huɗu ya ce zai kai ni bakin rafi, daga nan ko uwarsa ce ke tsallake ba ya ƙetarawa. Ya sauke ni ya juya tun ban gama daidaita kwandon a kai ba.

Hanyar ta mutu. Ciyawa ta kai mini ƙirji. Gonakin da na sani da sunan masu su duk sun zama daji ɗaya. Ba kukan zakara, ba sautin turmi. Ina tafiya ina jin numfashina kamar na wani. Na wuce ta gefen gari ban shiga ba, na hango katangar masallaci ta zube gefe guda. Na kawar da kai.

Saura kaɗan in kai itatuwan suka fito daga cikin ciyawa. Su biyu ne, dogo da gajere, kowanne da bindiga a rataye. Na tsaya.

"Tsoho, aje," in ji dogon.

Na aje.

"Mi ne ciki?"

"Tsutsa."

Suka dubi juna. Gajeren ya sa bakin bindiga ya ɗage zanin. Suna nan dunƙule a jikin reshe suna motsi. Ya kai hannu ya dama, sai ya fizge yana yarfewa.

"Kai! Harbi takai?"

"Ba ta harbi. Gashin ne ke ƙaiƙayi. Kar ka sosa, ƙaruwa yake."

Dogon ya daina murmushi. "Asiri aka ba ka ka binne muna? Wa ya aiko ka?"

Na ce ba wanda ya aiko ni. Na ce ta yayana ce, zare ake yi da gidanta, ganyen gari ya kashe rabi, na kawo ta ta ci na nan. Ya sa na juya aljihuna. Ya buɗe ledar toka, ya shinshina, ya lasa, ya tofar. Ya tambayi waya, na ce ba ni da ita. Sai idonsa ya sauka kan ƙafata ta hagu, silifa ne a ƙafar.

"Af. Ashe ka taɓa zama baƙonmu."

Na ja ƙafar baya.

"Ga mutum," ya ce da ɗan uwansa. "Mutane na gudu da shanu, shi ya kawo tsutsa kiwo." Suka yi dariya, gajeren yana ta sosa hannu. "Tahi ka kai dabbobinka, tsoho. In sun yi ƙiba namu ne. Amma in muka sake ganinka, ka zo da abin da ya hi tsutsa. In ba haka ba, ka cika muna sauran yatsun."

Na ɗauki kwandona. Na bi ta tsakaninsu, bayana yana jiran abin da ya sami Mani. Bai zo ba.

Itatuwan suna nan. An sare biyu, sauran sun yi duhu da ganye, irin ganyen da na manta akwai shi. Na zaɓi babbar ta tsakiya. Na ɗaure reshen a jikinta yadda Mani yake yi. Na zuba toka a gindi. Ya kamata in tafi nan take, amma na tsaya. Ɗaya ta fara hawa, wata ta bi ta, wata ta bi wannan, har suka zama igiya guda tana tafiya sama. Sai da ta ƙarshe ta shige cikin ganye na juya. Ban san yadda na kai rafi ba. A ƙasa na isa Tsafe, na zauna bakin titi na yi amai.

Na rantse ba zan koma ba. Na gaya wa Hajo, ta ce ba ta ce in koma ba.

Amma damina ta ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, sai na tuna wuta. Duk kaka daji yana ci, ko mafarauta su sa, ko mai wucewa ya yar da guntun taba. Da muna gari, Mani yakan nome ciyawar gindin kowace tsamiya tun kafin lokacin, ya share fili mai faɗi kewaye da ita, yadda wuta in ta zo za ta tsaya nesa. Yanzu shekara bakwai ba wanda ya nome wurin, ciyawa ta kai rassan ƙasa. In ta kama, ko gida ya yi, gasa shi za ta yi.

Mako biyu da suka wuce na koma. Na ɗauki fartanya da wuƙa. Niyyata in yanko gidan in akwai shi, in gudo da shi. Wannan karon ban haɗu da kowa a hanya ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

Na gan shi tun daga nesa. Yana rataye a reshe na biyu, ya kai girman kan yaro. Rabon da in ga irinsa tun Mani na raye. Na hau na taɓa shi. Kauri kamar kirgi, da nauyi, ka san cike yake. Na zaro wuƙa na aza a reshen.

Sai na tsaya. In na kai shi gari, wane ganye zan ba su baɗi? Biyar aka ba ni, na mai da su ɗaya. Damina guda da suka yi a nan ba ni ba raga, sun yi abin da na kasa sa su yi shekara shida. Mani ma ba don rumfa yake tara su ba. Rumfar hanya ce, ice ne gida. Na mai da wuƙar kube, na sauko na kama fartanya.

Daga gefen yamma na fara. Ina noma ina janye ciyawar nesa, ina saurare. Ƙasar ta yi tauri, saiwar ta kama. Na yi rabin kewaye, rana ta take tsaka, sai na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na saki fartanya na faɗa cikin ciyawa da rarrafe. Suka wuce ta inda na ji maganarsu, wani yana waƙa. Na kwanta da baki a ƙasa har sautin ya ɓace, na ci gaba da rarrafe, ban miƙe ba sai kusa da rafi. Gwiwoyina har yau ba su warke ba.

Na wuce Bungudu kai tsaye. Hajo ta dubi hannuna, ba kwando, ba komai.

"Gidan bai yi ba?"

"Ya yi. Kamar kan yaro."

Ta zauna a kan turmi. "Ina shi?"

"Na bar shi bisa."

"Ka share gindin?"

"Rabi."

"Wane rabi ya rage?"

"Gabas."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Ita ma ta san daga gabas iskar kaka take tasowa, kuma wuta iska take bi.

"Ina fartanyar?"

"Tana can."

"Fartanyar wana ce fa, Bawa," in ji ta, tana dariya hawaye na zuba. "Aro ka yi."

To, ga inda nake a cikar shekara bakwai. In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Mani, ba kabari da zan nuna. Gonarsa daji ce. Rumbunsa ban leƙa ba. 'Ya'yansa suna raye, Alhamdu lillahi, amma ba wanda ya ɗauki aikin a cikinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai riguna a Gusau da Tsafe da aikin wuyansu ya fito daga hannunsa da na Hajo, masu su ba su san sunansa ba. Sai abu guda mai rai, a reshe na biyu na wata tsamiya, a wurin da aka ce in na sake zuwa in bar yatsuna. Allah ya jiƙan Mani, ya yafe masa, ya sa ya huta.

Ni dai ba jarumi ba ne. Tun da na dawo, kullum safiya kafin in shiga kasuwa nakan tsaya bakin titi in dubi wajen Tsafe, ko zan ga hayaƙi. Jiya ban gani ba, yau ban gani ba. Ciyawa kuwa kullum ƙara bushewa take. Aikin da ya rage bai fi na rabin yini ba. Na yi magana da ɗan kabu-kabun nan, ya ce jibi da sassafe, bakin rafi, ba ya ƙetarawa. Duk wanda wannan ya isa gare shi, ya sa yayana a addu'a. In da saura, ya sa ni.